Daga Hannun Wa Ka Karɓa?

Shafi na 17

Da sunan Allah nake ɗora yatsa. Masu turo mini saƙo tun da sassafe wai "Baba a ƙaro", na gani. Da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, kuma ina da gona. Wanda bai yi la'asar ba ya ajiye waya ya je ya yi, labari ba zai gudu ba.

A baya kun ji yadda Sabiru, autan Alhaji Maliki dillalin shanu, ya ɗaure bijimin amana a gindin darbejiya ya zauna buga wasan nan na waya da samarin Daura suke kira Rijiya. Bijimi ya tsinke igiya ya faɗa titi, babbar mota ta buge shi, ya mutu mushe kafin a zaro wuƙa. Kun kuma ji rantsuwar da Alhaji ya yi a tsakiyar kara, kasuwar shanu, gaban Bafulatanin mai bijimi da dillalai: wanda ya fara shigo da wasan nan unguwarsu, in ɗan gidansa ne ba zai ƙara kwana a gidan ba, in bare ne babu gaisuwa babu zuwa jana'iza.

To, yau sawu ya iso zaure.

*

Murjanatu, 'yar Alhaji, tana bayan ƙofar zaure da faifan shinkafa a cinya. Tun ɗazu tsakuwa ɗaya take juyawa a yatsa, ba ta yar ba, ba ta tsinci wata ba.

Ubanta bai san waya ba, amma ya san yadda ake bin saniyar sata. A kara in aka kama saniya a hannunka ba a dukanka, ba a zaginka. Tambaya ɗaya ce: daga hannun wa ka karɓa? Ka nuna shi, ka kaɗe rigarka ka tafi. Shi ma ya nuna nasa. Wanda aka zo kansa ya rasa wanda zai nuna, shi ne ɓarawo, komai girman rawaninsa.

Haka Alhaji ya bi wasan nan. Daga Sabiru zuwa tela, daga tela zuwa mai shayi, daga mai shayi zuwa Audi mai cajin waya.

Ga Audin nan durƙushe, yana ta gyaran hula.

"Wallahi Baba Alhaji ni ban je nema ba. Ruwa ne ya kore ni na fake a wani shago. Na yi sallama, mai shagon ko ɗago kai bai yi ba. Na leƙa, sai na ga wani ɗan mutum kamar ƙwayar wake yana gangarawa rami a gilashin kwamfuta. Na ce mene ne wannan? Ya ce zauna ka gani. Na zauna. Ko hawa na farko ban wuce ba ɓera ya kashe ni."

"Ɓera," in ji Alhaji.

"Ɓera, Baba Alhaji. Amma ƙato ne."

Babu wanda ya yi dariya. Audi ya haɗiye tasa.

Alhaji ya juya wajen Sabiru da ke rakuɓe a lungu.

"Kai, mece ce a cikin abin nan da take sa mutum ya manta da bijimi?"

Sabiru ya yi magana da ƙasa. "Baba, rai ɗaya ake ba ka. In ka mutu shi ke nan, daga sama za ka sake, kuma ba rijiyar jiya za ka tarar ba, sabuwa ce kullum. Ranar nan na kai hawa na tara, ban taɓa kaiwa..."

"Bijimin ma rai ɗaya aka ba shi."

Alhaji ya koma kan Audi.

"Audi. Shagon wa?"

Audi ya kalli rufin zaure, ya kalli ƙafarsa. Ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Na Abdulbaƙi ne."

"Ka fita. Kaɗe rigarka."

Audi ya fita, amma bai tafi ba. Ya tsaya a waje yana neman takalmi ɗaya da yake sanye a ƙafarsa.

Murjanatu ta ƙara matsowa jikin ƙofar. Abdulbaƙi ɗan ƙanwar Alhaji ne, maraya, tun yana ƙarami aka ɗauko shi daga Babban Mutum ya tashi a gidan nan. Yanzu gyaran waya yake yi a bakin tasha. Taubashinta ne, kullum suna cikin tsiya, shi ya ce mata mai kan kwarya, ita ta ce masa ɗan ƙauye. Kuma shi kaɗai ne ya san inda sawun nan zai ƙare.

Aka aika aka kira shi. Ta ji ƙarar gwiwarsa a kan tabarma.

"Ga ni, Kawu."

"Daga hannun wa ka karɓa?"

"A intanet na gani, Kawu."

"To kira shi ya zo ya durƙusa nan."

"Kawu, ai ba mutum ba ne."

"Ba ka da wanda za ka nuna ke nan."

Daga waje muryar Audi ta shigo, wai shi taimako zai yi. "Ai kwamfutar ma ba tasa ba ce, Baba Alhaji. Wata baƙa ce tsohuwa, an ɗaure gefenta da salatif."

Da Murjanatu tana da dutse a hannu wanda ya fi tsakuwar nan, da Audi ya ji a goshinsa.

"Ta waye?" in ji Alhaji.

"Ta kwastoma ce. Gyara aka kawo."

"Sunansa."

Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai.

"Abdulbaƙi, ni na ɗauko ka a kafaɗata ranar da aka binne uwarka. Ban taɓa raba kwanonka da na 'ya'yana ba. Sunan mutum ɗaya nake nema. Ka faɗa, ka tashi."

"Na yi alkawari, Kawu."

"Ni kuma na yi rantsuwa."

Sabiru ya ɗago ido jajir. "Baba, ai Malam ya ce akwai kaffara. A ciyar da miskinai, ko a yi azumi. Ni zan yi azumin."

"Ba kai ka rantse ba. Kuma ni ban taɓa yin kaffara ba, don ban taɓa rantsuwa na janye ba. In na janye yau, gobe wane Bafulatani ne zai ba ni igiyar saniyarsa ya juya baya?"

Ya ja carbi ƙwaya ɗaya, ya tsaya.

"Sawu ya tsaya a kanka. Kafin a kira magariba ka kwashe kayanka."

"To, Kawu."

Haka kawai ya ce. To, Kawu. Bai roƙa ba, bai waiwayo wajen ƙofar da ya san tana bayanta ba.

Murjanatu ta ajiye faifan. Kafin ta miƙe, hannun Inna Shatu, mahaifiyarta, ya damƙe wuyan hannunta. Ashe ita ma tana nan tsaye tun ɗazu.

"Zauna," in ji Inna cikin raɗa.

"Inna, korarsa zai yi."

"Shi namiji ne, zai kwana a shago. Ke ina za ki kwana? Budurwar da ubanta ya kora, wane gida ne a Daura zai buɗe mata ƙofa ba a nuna shi da baki ba?"

"Ni na kai masa."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ni na haife ki. Zauna."

Ba ta zauna ba. Yaran yanzu in sun ƙudurta abu ko igiyar bijimi ba ta riƙe su. Ta zare hannunta, ta shiga ɗaki, ta durƙusa ta jawo abin daga ƙarƙashin gado. Ta rufa masa mayafi, ta rungume a ƙirji. Ta nufi zaure.

Ta yi sallama ta durƙusa.

"Wa ya kira mata?" in ji Alhaji.

"Baba, daga hannuna ya karɓa."

Abdulbaƙi ya runtse ido. "Mai kan kwarya, wa ya aike ki?"

"Yi mini shiru, ɗan ƙauye."



Alhaji ya daɗe yana kallonta. Ita ce 'yarsa mace tilo. Ita ce take haɗa masa fura yadda yake so, ba tsami ba zaƙi.

"Kin ji rantsuwata?"

"Na ji, Baba."

"Kin san abin da ke cikinta?"

"Na sani."

"Abdulbaƙi, kaɗe rigarka. Ke, daga hannun wa?"

Nan ne wurin da ta fi tsoro.

Alhaji yana da ɗan fari, Sada. Ku 'yan yanzu da kuke ɗaukar 'ya'yanku hoto kuna watsawa duniya ba za ku gane ba, amma a gidaje irin nasu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, uwa ma haka. Kunya ce. Alhaji bai taɓa ɗaukar Sada a gaban mutane ba, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. In zai aike shi sai ya ce "a gaya wa wancan". Da ciwon ƙoda ya kwantar da yaron wata da watanni, daga bakin ƙofa yake tsayawa ya tambayi Inna ya jiki, ya wuce. Har Allah ya karɓi abinsa, shekarun baya kaɗan, ba a ji sunan a bakinsa ba.

"Ta Yaya ce," in ji Murjanatu.

Carbin ya tsaya.

"Da aka zo raba kayansa sadaka na ɓoye ta. Ban san kan ta ba. Wata rana na buɗe, na ga ɗan mutumin nan. Na tuna lokacin da yake kwance, in na kai masa kunu sai ya ce, zo ki gani Murja, yau na wuce inda na tsaya jiya. Sai na fara nawa daban. Da ta daina ɗaukar caji na kai wa Abdulbaƙi. A nan ya gani."

"Na kwafa ban gaya mata ba, Kawu. Daga ni ya bazu."

"An ce ka kaɗe rigarka."

Alhaji ya gyara zama. Fuskarsa kamar an sassaƙa ta.

"Shi kuma wancan, daga hannun wa?"

"Ban sani ba, Baba. Na ɗauka abokansa na makaranta ne."

"Matacce ba ya durƙusawa a zaure. A kara, in wanda ka nuna ya riga mu gidan gaskiya, sai ka kawo wanda ya ga lokacin da abin ya shiga hannunsa. Kina da shaida?"

"Ba ni da."

"To sawu ya tsaya a kanki."

"Baba!" Sabiru ya fashe da kuka. "Ni na kashe bijimin, ni za ka kora."

"Ban rantse a kan bijimi ba."

Inuwar darbejiya ta riga ta shigo har tsakiyar zaure. Can masallacin unguwa an fara gwada lasifika, ana hura ta. Murjanatu ta kalli ubanta, ta ga gemunsa yana motsi kamar yana tauna wani abu da ya ƙi haɗiyuwa. Ta gane ba zai janye ba. Zai iya mutuwa a daren nan saboda baƙin ciki, amma ba zai janye ba.

Ta fara tunanin abin da za ta ɗauka. Hijabi biyu. Alƙur'aninta.

"Ni ce shaida."

Daga bayan ƙofa muryar ta fito. Inna Shatu, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa sa baki a maganar zaure ba.

"Shatu, koma ciki."

"Ka ce a kawo shaida. Na zo. Na ga lokacin da ta shiga hannunsa, don daga hannuna ya karɓa."

Ta tako ta tsaya a bakin ƙofar.

"Murjanatu, kaɗe rigarki. Yaye mayafin nan ubanki ya gani."

Murjanatu ta yaye. Baƙar kwamfuta, gefe ɗaya a fashe, an naɗe da salatif.

Ta ga idon ubanta ya sauka a kan salatif ɗin, ya ƙi tashi.

"Na ce a ba da ita sadaka," ya ce, muryar can ƙasa.

"Ka ce. Ba a bayar ba. To tambaye ni mana, Alhaji."

Alhaji ya kawar da kai.

"Tela ka tambaye shi. Mai shayi ka tambaye shi. Maraya ka tambaye shi, 'yar cikinka ka tambaye ta. Ni ce ba za ka tambaya ba?"

Audi a waje ya daina neman takalmi.

Alhaji ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Daga hannun wa?"

"Daga hannunka."

Murjanatu ta ji kamar an zare tabarmar da take kai.

"Ranar da ka dawo daga Kongolam, can bakin iyaka," in ji Inna, "da ita a cikin buhun dusa. Ka ce in ba yaron nan mai kwanciya ya rage zaman kaɗaici. Ka ce kada in kuskura in ce kai ne. Ban faɗa ba. Amma ya sani. Ya sunsuna buhun ya yi dariya, ya ce Inna, wannan warin kara ne."

Hannun Alhaji ya saki carbi.

Abdulbaƙi ya yi magana a hankali. "Kawu, madannanta ma ba jerin na nan ba ne, irin na wajen Nijar ne. Kuma wasan yana ciki tun kafin ta tsallako iyaka."

Babu wanda ya rage da zai yi tambayar. Alhaji ya yi wa kansa.

"Daga hannun wa, Maliki?" Ya girgiza kai. "Wani matafiyi ne. Ya fito daga arewa, guzuri ya ƙare masa a bakin iyaka. Na ga abin, na tuna wancan yana kwance yana kallon rufi. Tun ina saurayi ban taɓa sayen ko akuya ban san mai ita ba. Ranar nan ban tambayi suna ba."

"To ai shi ke nan, Baba," in ji Murjanatu da sauri. "Ba ka sani ba ne. A yi kaffarar..."

"Ɓarawon saniya ma cewa yake bai sani ba."

Aka kira magariba.

Ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ɗauki sandarsa, ya zura takalmi.

"Shatu, a miƙo mini buzuna da buta."

"Alhaji, gidanka ne."

"Shi ya sa. A gidana na ce."

Ya tsallake dokin ƙofa. Audi ya ja da baya har ya yi karo da bango. Sabiru ya kawo buzun yana kuka, Alhaji ya shimfiɗa shi a waje, a kan turɓaya, inda masu wucewa masallaci za su gani. Ya zauna.

Sai ya miƙo hannu.

"Kawo ta nan. Kayan da aka rasa mai su, hannun ƙarshe ne yake riƙewa."

Murjanatu ta ƙanƙame ta. "Baba, don Allah kada ka fasa ta."

"Buɗe."

Ta durƙusa a dokin ƙofar, ita a ciki shi a waje, ta buɗe ta ajiye a gabansa. Gilashin ya kawo haske. Ga ɗan mutumin nan a wani lungu mai duhu, ga wata baƙar dabba ta tsaya daf da shi, baki buɗe.

"Wannan ne naki?"

"A'a. Nasa ne. Inda ya bari ke nan ranar da aka tafi da shi asibiti. Duk Daura babu wanda ya taɓa sauka nan."

"Me ya hana dabbar ta cinye shi?"

"Ba ta motsi sai ka motsa, Baba. Haka wasan yake. Ka ga ɗan jan layin can? Ransa ne, saura kamar tsinin allura. In aka danna, ko ya tsira ko ya mutu. In ya mutu gogewa yake yi, ba ya dawowa. Shi ya sa ban taɓa ba. Buɗewa kawai nake yi in gan shi."

Alhaji ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa gilashin.

"Mene ne aka rubuta a kansa?"

Ta kalli Inna. Inna ta juya fuska ga bango.

"Sunan da ya sa masa ne."

"Karanta."

"Ɗan Maliki."

Liman ya tada iƙama. Mutane suna wucewa, suna rage tafiya, suna kallon dillalin da duk kara ke tsoro zaune a ƙasa gaban ƙofarsa.

"Tun lokacin nan kuka bar shi tsaye gaban dabba shi kaɗai," in ji Alhaji. Ya goge ido da bakin rawani kamar ƙura ce. "Ni ma a bakin ƙofa nake tsayawa. Wanne ake dannawa ya gudu?"

Ta nuna.

"Wanne ne ya yi faɗa?"

"Baba..."

"Wanne?"

Ta nuna.

"Alhaji, bar mana shi," in ji Inna Shatu. "Shi ke nan abin da ya rage."

Bai waiwayo ba. Ya ɗora ƙaton yatsan nan nasa da igiya ta cinye a kan madannin faɗan, ya kusanto da bakinsa kamar mai yi wa ɗan maraƙi magana.

"Ga ni nan," ya ce. "Matsa mata, Sada."

Ya danna.